Yau na yi wa sararin sama fenti har sau biyu

Asabar

Wata huɗu ke nan da na gama shimfiɗa ɗan layin dogona na jirgin ƙasan wasa a kan teburin da ke jingine da bango. Jirgi yana zagayawa lafiya lau, amma duk sanda na sunkuya na kalle shi daga tsayin tarago, abin da nake gani a bayansa farin bango ne da makunnin fitila. Makunnin nan kuwa, in ka auna shi da 'yan mutanen da ke tsaye a tasha, ya kai bene mai hawa biyu. Yau dai na ce sai na raba kaina da wannan abin kunya.

Ma'aunin HO nake amfani da shi, wato an rage komai sau 87. Tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5 ne, mutum kuma bai wuce santimita 2 ba. Faɗin teburina santimita 60 ne, wanda in an mai da shi girman gaske bai fi mita 52 ba. Da zan so in nuna tafiyar kilomita ɗaya tak, sai na sami ɗaki mai zurfin mita 11 da rabi. Ke nan duk abin da ya wuce bayan tasha, gona ce, tudu ne, sama ce, dole allon baya ne zai ɗauke shi, wato allon da ake kafawa a bayan teburi a zana su a jikinsa.

Da farko hoto na so in manna. Makon jiya na bugo wani dogon hoton tsaunuka da na ɗauka da waya, na kafe shi da salatif don gwaji. Bai yi kwana biyu ba na cire. Takardar mai sheƙi ce, fitilar ɗaki tana bugunta sai ka ga wani farin tabo a tsakiyar dutse. Ga shi rana a cikin hoton daga hagu take fitowa, fitilata kuma tana dama, inuwoyi sai faɗa suke da juna. Hoto ba laifi ba ne in an buga shi a takarda mara sheƙi, aka kuma dace da haske, amma ni dai ban dace ba. Na koma ga fenti.

Allon kansa tun jiya na kafa shi: siririn allon nan na matsattsen garin katako, mai kaurin milimita 3, na yanka shi tsayin santimita 45. A lungun ɗakin ban haɗa shi kusurwa ba, na ɗan jiƙa bayansa na lanƙwasa shi a hankali ya bi lungun kamar baka, domin sama ba ta da kusurwa, kuma da zarar ido ya ga layi a tsaye a cikinta, shi ke nan asiri ya tonu. Alluna biyu na haɗa, mahaɗarsu kuma na cike ta, da safen nan na goge da sanfefa har yatsa ya daina jin tsaga.

Da hantsi na buɗe gwangwanin shuɗi na bi allon da rola daga sama har ƙasa. Minti ashirin na gama, ina ta jin daɗin kaina. Da na ja da baya na duba, sai na ga kamar na jingina tashar da ƙaton bokitin roba. Shuɗin ya yi ihu, ya danne komai, har jan taragon da nake ji da shi ya koma kamar ba shi da launi.

Na ajiye rolar na fita waje na ɗaga kai. Shekara nawa ina ƙarƙashin saman nan ban taɓa yi mata kallon tsanaki ba. Daidai saman kaina shuɗin mai duhu ne, amma ina sauke ido yana kwashewa kaɗan-kaɗan, kafin in kai inda ta haɗu da ƙasa ya kusa zama fari. Dalili kuwa, in ka dubi can ƙasa-ƙasa, iskar da idonka ke ratsawa ta fi yawa nesa ba kusa ba, da ƙurarta da danshinta. Kuma allon baya wannan yankin na ƙasa-ƙasa kawai yake nunawa, ba tsakiyar sama ba. Ni kuwa na je na shafa masa launin tsakiyar sama.

Da tsakar rana na sake lale. Na zuba fari a faranti ɗaya, shuɗin da na sirka da fari sosai a wani. Shuɗi a sama, fari a ƙasa, sannan in ɗauki busasshen buroshi mai faɗi in riƙa ja hagu da dama a tsakani har iyakar ta ɓace. Wahalar ita ce fentin ruwa ba ya jira. Kafin ka waiga ya fara kamewa, in ka taɓa shi a lokacin sai ya bar zane kamar sawun tsintsiya. Sai na koma ina yin rabin mita rabin mita, ina fesa ɗan ruwa a gefen da zan ci gaba. Akwai wani wuri kusa da lungu da har yanzu ake ganin mahaɗa in an ƙura ido. Zan dasa doguwar bishiya a gabansa, kowa ya huta.

Tsaunuka su suka ci mini yammacin. Kafin in taɓa fenti sai da na zauna a kujerar da nake tuƙa jirgin daga kanta, na sa fensir na ja layin da ƙasa za ta ƙare. A nan akwai rigimar da ba ta da magani: wanda ke tsaye da wanda ke zaune ba wuri ɗaya idonsu ke neman layin ba. Na bar shi ƙasa-ƙasa, kamar santimita 12 daga teburi, inda bishiyoyi da rufin gidaje za su rufe mafi yawansa. Na yi tuddai jeri uku. Na can nesa, fentin saman na ɗiba na ɗiga masa ruwan toka kaɗan, har sai ka lura za ka gane tudu ne. Na tsakiya na ƙara masa kore kaɗan, na gaba kuma na kusanto da shi launin ciyawar da ke kan teburi. Leonardo da Vinci ya rubuta wannan dabarar shekara fiye da 500 da suka wuce, cewa abin da ya yi nisa a ƙara masa shuɗi, ni kuwa sai yau na yarda da shi da hannuna.

Daga nan zumuɗi ya ɗebe ni. Na ɗauko ƙaramin buroshi na zauna ina zana wata bishiya a kan tudun tsakiya, reshe-reshe, har da ganye. Autata ta shigo ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, me ya sa bishiyar can ta fi tashar tsawo?" Na ce mata ai tana nesa ne. Ta ce, "To ai abin nesa ƙarami yake zama." Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na sa jiƙaƙƙen tsumma na share ta, na ɗauki guntun soso na ɗan daddanna kore mai duhu a wurin. Daga kujera sai ga kurmi, ba ganye ko ɗaya.

Da almuru na kunna fitila, sai ga wata sabuwa: tankin ruwan tasha ya jefa inuwarsa ɓaro-ɓaro a kan sama. Na matso da fitilar gaba na ɗaga ta, na janye tankin daga jikin allo kamar yatsa uku, inuwar ta sauka bayan tudu. Titin motar da ya nufi allon kai tsaye shi ne bai warware ba. In ka tsaya daidai gabansa yana tafiya sumul, ka matsa gefe taku ɗaya sai ya karye kamar gwiwar hannu. John Allen, Ba'amurken nan da ya shahara a wannan harka, madubai ya riƙa ɓoyewa a layinsa don wuri ya ninka a ido. Ni ina ganin lanƙwasa titin zan yi ya shige bayan sito. Ina da wasu gidaje biyu na ma'aunin N, masu ragin sau 160, zan ajiye su can ƙarshe su yi kamar sun yi nisa.

Gajimare sai gobe, kuma a kan kwali zan fara gwadawa. Garin miƙa hannu ta saman teburi na karya turakun waya biyu da gwiwar hannu, shuɗi kuma ya ɗiga a kan layi wajen mararraba. Ɗazu da jirgin ya zo wurin sai ya tsaya cik, don fentin ya tare wutar lantarkin da yake samu ta ƙarafan layin. Bari in je in kankare kafin ya gama bushewa.