Yadda muka sa wa gidan Baba kuɗi

Bayan Hajiya ta fita takaba, Baffa ya tara mu a soro ya ce a raba gado tun kowa na ganin idon kowa da mutunci. Mu biyar ne, ni da Yaya da mata uku, sai Hajiya. Kuɗin banki da tsohuwar mota ba su ba mu wahala ba. Gidan ne matsala: fuloti ɗaya, ƙafa 50 da 100, a gefen Sheka a nan Kano, ba ya tsaguwa gida shida. Yaya ya ce shi zai riƙe, ya biya kowa kasonsa, Hajiya ta ci gaba da zama a ɗakinta. Duk muka yi na'am. Sai Baffa ya ce, “To, nawa ne gidan?” Soro ya yi tsit.

Ni aka ɗora wa nemo amsar, wai ni ne ɗan boko. Lissafin rabon ba wuya: Hajiya tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, sauran a kasa bakwai, namiji biyu mace ɗaya. Wannan ya sa duk naira miliyan 8 da aka ƙara ko aka rage a kimar gidan, miliyan guda ce a hannun kowace 'yar'uwata. Ɗaya daga cikinsu marayu take riƙo. Ban ɗauki aikin da wasa ba.

Na fara da dillalai, kamar kowa. Na farko, wanda Yaya ya kawo, ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango, ya nuna inda silin ya jiƙe, ya leƙa rijiya, ya ce miliyan 24, shi ma don albarkacin marigayi. Na biyu, da ya zaci kasuwa za mu kai gidan ya samu la'ada, ko ɗaki bai shiga ba ya ce 40, har yana rantsuwa akwai wani Alhaji a Kantin Kwari da ke neman irinsa. Ba na ce ƙarya suka yi ba. Dillali dai yakan duba wanda ya kira shi kafin ya duba gida. Tsakaninsu miliyan 16, a kan bango ɗaya.

Hajiya kuma nata lissafin daban. Ta tuna shekarar da aka zuba dakali, da lokacin da Baba ya sayar da gonarsa ya sauke kwano ya sa sabo. A wurinta gidan ya kai abin da ya ci. Na gwada bin wannan hanyar, na kira wani magini ya ƙirga mini bulo, rodi, katako da kwano da za a kashe in yau za a tayar da irinsa. Abin ya ba ni tsoro. Buhun simintin da muka sani wajen naira 5,000 kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023, a farkon 2024 ya haura 10,000. Amma maginin da kansa ya ce, “Yallaɓai, wannan kuɗin sabo ne. Naku ya sha damina talatin da wani abu.” Gaskiyarsa. Mai saye ba zai biya kuɗin sabon wayarin a kan wayar da ɓera ya ci ba, kuma ginin da aka yi wa tsarin da, ɗakuna jere da bandaki ɗaya a ƙarshen tsakar gida, matasan yanzu rushewa suke yi.

A nan na fahimci abin da ban taɓa lura da shi ba: yawancin kuɗin a ƙasa yake, ba a bango ba. Gini tsufa yake, fili kuwa garin ne ke tsadar da shi. Lokacin da Baba ya saya, bayan gidan gonakin gero ne. Yau in ka fito minti kaɗan kana Titin Gidan Zoo.

Sai na koma tambayar da ta fi amfani: su wa suka sayar a layukanmu kwanan nan, kuma nawa suka karɓa a hannu? Ba nawa aka sa wa gida suna ba, ba nawa aka taya aka ce albarka ba, nawa aka sallama. Wannan sai da haƙuri, don mutanenmu ba sa son faɗin kuɗin gida. Mai saye yana ragewa don kada a ce yana da shi, mai sayarwa yana ƙarawa don kada a ce an kwashe shi a arha. Mai unguwa ne ya taimake ni, tunda shi ke sa hannu a takardun ciniki, da limaminmu da aka sa shaida a biyu daga ciki. Na samu gida huɗu da aka sayar cikin shekara guda. Na watsar da ɗaya, don mai shi bashi ne ya taso shi, a mako guda ya karyar. Irin wannan ba farashin kasuwa ba ne.

Sauran ukun na bi su da ƙafa. Ɗaya kan kwana yake da shaguna biyu, an sayar 38. Namu ba kwana, ba shago, dole a sauko. Ɗaya a lungun da mota ba ta shiga, kuma ruwa na kwanciya a ƙofarsa duk watan Agusta, 27; namu ya fi shi. Na ukun shi ne ɗan'uwan namu sak, girma ɗaya, layi ɗaya, 35. Bambancinsu takarda: shi yana da satifiket na gwamnati, namu awon igiya ne, takardar mai unguwa da shaidu kawai. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake, abin da kake riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99. Mai satifiket zai iya jinginar da gidansa a banki, mai takardar hannu kuwa sai ya yi ta zirga-zirga da kashe kuɗi kafin ya kai can, kuma mai saye yana cire wannan wahalar daga tayinsa.

Na kuma duba ta fuskar haya, sama-sama. Gidan ba zai kawo fiye da miliyan ɗaya da ɗoriya a shekara ba, ka ga sai ya yi kusan shekara 30 kafin ya mayar da kuɗinsa. Lissafin bai taimaka ba. A unguwa irin tamu ba don haya ake sayen gida ba, don zama ne ko ɓoye kuɗi daga faɗuwar naira.

Na tsaya a tsakanin 31 da 33. Duk da haka na nace a ɗauko ƙwararren mai kimanta kadara mai rajista, muka haɗa kuɗin aikinsa. Yaya ya ga ɓarnar kuɗi ce. Ni kuwa ba na son nan da shekara goma ɗan wata ya tashi ya ce kawunansa sun haɗa baki sun cinye uwarsa. Mutumin ya zo da tef, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya nemi takardu, ya tambayi kusan abin da na tambaya. Rahotonsa mai hatimi ya ce miliyan 32, ya kuma rubuta kwanan wata, ya ja kunnenmu cewa in aka ja biyan ya wuce 'yan watanni sai an sake kimantawa.

Da Baffa ya karanta, sai ya dubi Yaya ya ce, “Ka ji. Za ka iya?” Yaya ya daɗe yana kallon tabarma, don kimar miliyan 24 ya shirya wa. Ya ce zai sayar da filinsa na Rijiyar Zaki ya cika. Hajiya miliyan 4, kowace mace 4, ni da shi takwas-takwas. Aka ba shi wata uku, matan ne za a fara biya, ni na ƙarshe. Hajiya ta ce nata kason a bar shi a cikin gidan, a rubuta ɗakinta da rumfar gabansa, kuma kada wanda ya taɓa bishiyar darbejiyar da ke ƙofa. Baffa ya sa aka rubuta har da darbejiyar.