Haruffa masu ƙugiya ne suka riƙe min sana'a

Malamin Hausa ne ni a wata makarantar kuɗi a nan Kano. A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, albashi ya tsaya cak. Abin da ke hannuna a lokacin bai wuce tsohuwar kwamfutar da na saya a Beirut Road ba, sai kuma ɗan abin da na karanto a Jami'ar Bayero. Ana nan wani maƙwabcina da ke aiki da wata ƙungiyar lafiya ya kawo min takarda shafi biyu a kan wanke hannu, ya ce, "Malam, a taimaka a mayar da ita Hausa kafin gobe." A daren na gama. Da ya tambayi kuɗin aiki sai kunya ta kama ni, na ce ya ba da ko nawa ne.

Wannan "ko nawa ne" ta cuce ni kusan shekara guda. Mutum ya kawo maka aikin kwana uku, ya miƙo kuɗin kati, ya haɗa da addu'a. Addu'a muna so, amma ba ta sayen data. Yanzu fassara da yawan kalmomi nake lissafinta, buga rubutu kuma da shafi, kuma ba na taɓa aiki sai an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. 'Yan uwa da abokai su suka fi wuyar sha'ani a nan, na kuwa daure na faɗa musu a fili.

Abin da ya sa mutane suke dawowa wurina, a ganina, ƙugiya ce: ɓ da ɗ da ƙ. Da yawan masu buga takardu sun ɗauke su ado, in an sa falillahil hamdu, in ba a sa ba shi ke nan. Alhali fada daban, faɗa daban. Kafa daban, ƙafa daban. Na ɗanɗana wannan a jikina a kan wani katin ɗaurin aure. Na tsara shi tsaf a manhajar zane ta CorelDraw na aika wa maɗaba'a, ashe kwamfutarsu ba ta da salon rubutun da na yi amfani da shi. Duk inda ƙ take sai wani ɗan akwati ya fito a madadinta. Yaron da ke wurin, da niyyar gyara, ya bi ya sa k. Kati ɗari uku suka fito ɗauke da "manyan baki" a gurbin "manyan baƙi", a ƙarƙashin sunayen dattawan unguwa. Uban amarya bai ɗaga murya ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Malam, kai ma?" Daga aljihuna na sake buga katin gaba ɗaya. Tun ranar ba na aika aiki sai na mayar da rubutun zane, yadda babu mai iya taɓa harafi, kuma sai na ga gwajin farko da idona kafin inji ya tashi.

Masu kawo aiki daga Maraɗi da Damagaram kuma nakan tambaye su tun farko, domin a Nijar ƴ ake rubutawa a inda mu muke sa 'y.

Fassara ita ce zuciyar aikin. In na gama takardar da talakawa za su karanta, mahaifiyata nake karanta wa da ƙarfi. Duk inda ta dakatar da ni ta ce, "Me ake nufi?" na san Turanci ne kwance a ƙarƙashin jimlar, sai na rushe ta na sake gini. Yanzu wasu na zuwa da abin da manhaja ta fassara musu, su ce a ɗan duba kawai. Gyaran irin wannan ya fi sabon aiki cin rai, don haka kuɗinsu ɗaya a wurina.

Na yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ne saboda ƙungiyoyi ba sa son tura kuɗi asusun mutum, sai na kamfani. Wuta kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, da lita ta haura naira 500, na kashe janareta na haɗa sola da batir ɗaya, iya abin da zai ɗauki kwamfuta biyu da fanka.

Ban bar aji ba. Da safe ina makaranta, bayan la'asar ina shago, inda wata tsohuwar ɗalibata ke riƙe da buga rubutu. Satin da ta fara, aikin da na ba ta shi ne ta ɗauki jan biro ta bi shafi goma, ta zagaye duk inda ƙugiya ta faɗi. Ta samo guda uku da ni kaina na tsallake.