Koren fentin Hayate ya yarda ya ɓare

Alhamdu lillahi jama'a, yau dai fentin nan ya ɓare yadda nake so! Ɗan ƙaramin samfurin jirgin yaƙin Japan Ki-84 ne, wato Hayate, na kamfanin Hasegawa mai ma'aunin 1/48, wanda ya daɗe yana ba ni ciwon kai.

Dabarar feshin gashi, wadda ake yi don fenti ya ɓare kamar na tsohon jirgi, ita ce: fentin azurfa a ƙasa, feshin a tsakiya, kore a sama, a jiƙa a goge. A baki ke nan. A aikace kuwa, ko dai koren ya taso falle guda kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ko ya kafe ya ce ba inda za shi, in yi ta dirza har azurfar ta fara bin burushi. Kwalbar koren fenti XF-13 ta kamfanin Tamiya ta kusa ƙarewa a kan fukafukan gwaji, kuma wallahi abin ya yi mini zafi.

Ashe kauri ne da lokaci. In feshin gashi ya yi yawa, ruwa na ratsawa ya narkar da shi gaba ɗaya, sai fentin sama ya rasa madafa. Shafi biyu marasa kauri sun isa. Koren kuma da ruwa na tsinka shi, don tina mai ƙarfi tana sa shi ya ratsa feshin ya kama azurfar gam. Sannan kada a bari ya kwana. Da ya bushe a taɓa, a ɗiga ruwa mai ɗumi a ɗan wuri, a dakata kaɗan, a fara da tsinken sakace kafin burushi. Shi ya sa yanzu fiffike ɗaya nake fesawa, in ɓare shi, sannan in koma ɗayan.

Jiragen sojan ƙasa na Japan na 1944 da 1945 da yawa an fesa musu kore kai tsaye kan alminiyum ba fentin share fage, don haka ɓarewar tana da hujja. Amma ba ko'ina ba. Na tsananta a gindin fiffike inda matuƙi da makanikai ke takawa, da gefen murfin inji, da bakin ƙofofin bindiga. Sassan juya akalar jirgi da ke wutsiya da bayan fukafukai yadi ne aka lulluɓa, azurfa ba ta da abin yi a wurin, ko da yake ina yawan ganin ana sa ta.

Saura jajayen tamburan Japan na jikin jirgin da baƙin hayaƙin salansa. Tamburan nan ina ga fesa su zan yi, don sitika sabuwa fil a kan wannan koɗaɗɗen jiki ba za ta shige ba.