Juma'a a Nima, da zanen da ya tsaya mini a rai

Yau da aka sakko daga Juma'a a babban masallacin Kanda a Accra ban wuce gida ba, na hau trotro zuwa Nima wajen Kawu, na tarar an ɗauke wuta, keken ɗinki a tsaye, shi kuma yana goge wani tsohon firem mai hoton masallaci da ya samo a kasuwar Kantamanto. Ya ce zo ɗana, kai da ka yi boko gaya mini wane masallaci ne wannan.

Na duba a waya. Ashe zanen wani Bafaranshe ne, Gérôme, na 1871, asalinsa yana gidan tarihi na Metropolitan a New York, kuma cikin masallacin Amru bin As ne na Alƙahira, masallacin farko a Masar.

Wallahi na fi rabin awa ina kallo. Ginshiƙai jere reras, bakan da ke kansu ja da fari ja da fari, ga katakai da suka haɗa wannan ginshiƙi da wancan, fitilu na reto, idonka sai ya yi ta bi ciki ciki kamar masallacin ba shi da ƙarshe. Har da tattabaru a ƙasa suna ta kiwonsu ba ruwansu da kowa, su ne ma suka fi burge ni.

Amma akwai abin da ya dame ni. Talakawa can gefe a sahu, sai wani mai hali da kaya masu tsada a gaba kan dardumarsa shi kaɗai, mutanensa na tsaye bayansa, can kuma wani ramamme kusan ba riga a jikinsa. Kawu ya daɗe yana kallo ya ce wannan mai zanen ya ƙirga ginshiƙi daidai amma bai taɓa jin liman ya ce a daidaita sahu ba. Gaskiyarsa fa, don yau ɗin nan kafaɗata na jikin ta wani mai tura baro, ɗaya gefen kuma wani Alhaji ne da ƙamshin turarensa ya cika mini hanci.

Duk da haka na roƙi Kawu ya bar mini firem ɗin. Ya ce a'a, a saman keke zai rataye shi, in ina so in dinga zuwa ina gani. La'asar ta yi wuta ba ta dawo ba, muka ja ƙofa muka tafi masallacin layi.