Fam 800 a aljihu, amma na kasa hawa bas a Landan

Na sauka a filin jirgin Heathrow a farkon Oktoban 2022, da fam 800 da na canzo a Wapa, na cusa su cikin safa a ƙasan jaka kamar yadda Hajiyarmu ta ce in yi. A walat kuma ga katin ATM ɗina na naira. A ganina na gama shiri.

Washegari na shiga bas zan je makaranta, na miƙa wa direba fam biyar. Ya girgiza kai, ya nuna min wani ɗan faifai ruwan ɗorawa da ke gabansa. Ashe motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai dai ka ɗora kati. Na ɗora na naira, jar wuta ta kama. A shekarar ne bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata saboda ƙarancin dala, wasu ma suka rufe gaba ɗaya, ni kuwa na riga na ƙarar da tawa dala 20 ɗin tun ina gida. Kuɗin motar fam ɗaya da fenni 65 ne kacal. Na sauka ina sunkuyar da kai, mutane na bin bayana da kallo.

Na shiga wani kanti in sayi katin Oyster, wanda ake zuba wa kuɗi don hawa bas da jirgin ƙasa. Mai kantin ya juya takardar fam 20 ɗin da na ba shi, ya dawo min da ita. Tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki ranar 30 ga Satumba, kwana kaɗan kafin isowata, an koma na leda. Fiye da rabin kuɗina irinsu ne. Ban ce ɗan canjin ya sani ba, Allah ne masani. Sai da na je babban bankin Ingila a titin Threadneedle na bi dogon layi aka musanya min.

Buɗe asusu kuma wani karatun ne. Banki na son shaidar adireshi, mai gidan haya na son ganin asusun banki. Mako uku ina kwana a falon wani ɗan Zariya da muka haɗu a masallaci, kafin na samu wasiƙar makaranta na buɗe asusu ta manhajar waya. Ranar da katin ya iso ta gidan waya na fita na sayi burodi da madara, ba don ina buƙata ba, don dai in ji na'urar ta yi ƙara ta amince. A lokacin, sayayyar da ba ta wuce fam 100 ba ko lambar sirri ba a tambaya. Mutumin da ya saba tsayuwa gaban mai POS ana cewa "babu netwok" dole abin ya ba shi mamaki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne katin bashi. A gida, mutumin da ba a binsa ko sisi shi ne mai mutunci. A nan kamfanoni irin su Experian da Equifax suna ajiye tarihin yadda kowa ke cin bashi da biya, wanda bai taɓa ci ba kuwa ba a san shi ba, sai ya nemi wayar biya-wata-wata a hana shi. Na kai kukana wurin mai masaukina, na ce, "Yaya, ai wannan riba ce ƙarara." Ya ce, "Malam, in ka biya duka kafin ranar da suka sa, ko kwabo ba a ƙara maka. Amma malamai sun saɓa, don akwai masu cewa sa hannu a kan sharaɗin ma bai halatta ba. Ka tambaya, ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi." Na yi wata shida ina jan ƙafa. Daga baya na karɓa, na sa banki ya riƙa cire kuɗin duka kowane wata, kuma ba na sayen komai da shi sai tikitin jirgi, domin dokar Birtaniya ta 1974 ta ɗora wa bankin da ya ba da katin alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da ya haura fam 100 zuwa 30,000. Har yau ban ce hankalina ya kwanta ɗari bisa ɗari ba.

Da na je Umara, na'urar wani kanti a Madina ta tambaye ni: fam ko riyal? Na danna fam, tunda shi na sani. Da na duba rasit sai na ga sun yi min canji da nasu farashin mai tsada. Riyal ya kamata in zaɓa, in bar bankina ya yi canjin. Otal ma ya riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina, sai bayan mako guda da dawowata ya sake shi.

Tsohon layina na Najeriya yana nan cikin ƙaramar waya a aljihun tebur, saboda lambar OTP, in ba haka ba ko kuɗin cefane ba zan iya tura wa Hajiya daga asusuna na gida ba. A watan Yulin 2025 na ji wasu bankuna sun sake buɗe katin naira don amfani a waje. Na ciro nawa daga bayan walat da niyyar in je in ɗora shi a kan faifan bas ɗin nan, in rama. Ashe wa'adinsa ya ƙare tun watan Maris.