Yaƙi da kwal a garin da ba wuta

A Kaduna, duk wanda zai miƙe ya ce a guji wata hanyar samar da lantarki sai ya tanadi amsa, domin da mutanen da ke kwana cikin duhu yake magana. Aikin wayar da kai kan muhalli ya koya mini wannan tun da wuri. Maganar ɗumamar yanayi da alkawarin da Najeriya ta ɗauka a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Gilasgo a 2021, cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060, tana armashi a ɗakin taro na otal. A Kakuri kuwa ba ta sayen ko kofin shayi.

Wani dattijo da ya yi aiki a masaƙa kafin a rufe ta ya taɓa tare ni bayan taro. "Ɗana," in ji shi, "Turawa da kwal suka gina ƙasarsu, yanzu da suka ƙoshi sai su ce mu mu haƙura?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, amma ka ji abin da suka biya." A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na 'yan kwanaki, dubban mutane suka mutu, abin da ya kai ga dokar tsaftace iska ta 1956. Ingila ba ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal ba sai a Satumbar 2024. Dattijon ya saurara, amma bai gamsu ba sai da na sauko da maganar gida.

Gidan da nake nufi shi ne Maiganga a jihar Gombe, inda ake haƙar kwal domin masana'antar siminti, mazauna kuma suka daɗe suna kukan ƙura da gurɓacewar ruwa. Mutum ya fi jin maganar rijiyarsa da ƙirjin jikansa. Idan aka ƙona kwal, iskar salfa na fita tare da ƙura mai laushi wadda ke shiga can cikin huhu, ga sinadarin makyuri da ke sauka a ruwa ya taru a jikin kifi, ga tulin toka da dole a nemi inda za a zuba. Manomin rani a bakin kogin Kaduna ba ya buƙatar digiri kafin ya gane inda wannan toka za ta ƙare idan damina ta sauka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarfin takarda. A Lamu ta ƙasar Kenya, masunta da mutanen gari sun kai ƙara, kuma a 2019 kotun muhalli ta soke lasisin tashar kwal da ake shirin ginawa, saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba. Mu ma muna da doka tun 1992 da ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli, a kuma baje rahoton jama'a su yi tsokaci. Kusan ba mai zuwa karantawa. Matasanmu sun fi son riga mai rubutu da hoton Facebook, ni kuwa a ganina mutum biyu da za su zauna su karanta rahoton nan shafi-shafi sun fi zanga-zangar yini amfani.

Sai tambayar da ba a tsallake ta: in ba kwal ba, me? A nan nake ganin 'yan gwagwarmaya na yawan kame-kame. Muna da madatsar Shiroro a maƙwabta, ga bututun iskar gas daga Ajakuta da aka fara shimfiɗawa a 2020 wanda zai ratsa Kaduna zuwa Kano, ga tashar lantarki ta Kudenda a Kaduna mai megawat 215 da ta shafe sama da shekara goma ana jiran ta. Gas ma yana da nasa hayaƙin, ba na ɓoye wa kowa, sai dai bai kai kwal ba, kuma ba ya barin toka. Masu shaguna da yawa a Kasuwar Barci da Kawo ba su jira kowa ba, sun ɗora sola a kan rufi, tun da tsadar fetur ta sa janareta ya gagari talaka.