Koyarwar da na yi a makarantar Roman ta Sabon Gari

Ni dai ina gama NCE a FCE Zariya aikin farko da na samu a wata firamare ta 'yan Katolika ne a Sabon Gari, mu nan Roman muke ce musu, kuma ni Musulmi ne, to sai da aka ɗan yi ta magana a gida kafin Baba ya ce je ka abinka, ai koyarwa za ka yi.

Makarantun nan fa ba yau suka fara ba. Tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911 ma'aikata daga kudu suka cika Sabon Gari, Fada-fadan SMA, wato limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta Afirka, suka biyo su, kuma su al'adarsu duk inda suka kafa coci sai sun liƙa aji a gefe. 'Yan Angalikan na Likita Mila, baturen mishan, kuwa Wusasa suka zauna. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, da yawa aka sauya musu suna, daga baya ne cocin ta sake buɗe nata na kuɗi. A tsarin cocin, Zariya ma sai a 2000 aka cire ta daga ƙarƙashin Kaduna ta samu bishop ɗinta, marigayi George Dodo.

Manhaja kam ta gwamnati ce, lissafi, Turanci, kimiyya, Hausa, sai darasin addinin Kirista da katikizim, wato koyon aƙidar cocin, na yaransu. To in littafi ɗaya ne da na ko'ina, me ya sa yaran ke iya karatu tun aji biyu? Wallahi bibiya ce kawai. Duk Litinin da safe Sista hedimistires za ta karɓi lesin not ɗinka ta bi shi layi-layi da jan biro, kuma ba a nan ta tsaya ba, tsakiyar darasi sai ka ga ta shigo ta zauna a bencin baya ta jawo littafin yaro guda tana dubawa ko ka yi makin jiya, in ba ka yi ba ba za ta ce komai a gaban yara ba, sai an tashi ta ce "Malam, zo mu yi magana." Makara kuwa babu ita, malami ma a ƙofa ake tararsa.

Ƙarfe goma sha biyu ana kaɗa ƙararrawa su yi addu'ar Anjelus, yaran Musulmi su tsaya shiru har a gama, ban taɓa ganin an tilasta wa ɗayansu ya faɗa ba, ni ma ranar Juma'a tun kafin in tambaya aka cire min darasin ƙarshe.

Abin da ya fi zama min a rai shi ne yadda suke da ɗan talaka. Wata mai sayar da ƙosai ta zo da kuka kuɗin makaranta ya gagara, Sista ta ce "Mama, bar shi a aji, ki riƙa kawo abin da ya samu." Gaskiya ba kowa ke samun wannan ba, kuɗin na da nauyi kuma albashinmu ma ba wani abin kirki ba ne, wannan ya kamata su duba shi.

Yanzu ina makarantar gwamnati, yara sun fi ƙarfin benci, ba zan iya makin kowa kullum ba, sai na raba su layi-layi, kowace rana layi ɗaya zai kawo littattafai kuma kowa a cikinsu ya karanta min jimla biyu da ƙarfi kafin a fita tara.